Abin da Likita Ya Cire a Tiyata: Ko Mai Bi Zai Iya Bayar da Shi Domin Bincike?

 

Abin da ya sa na zaɓi wannan magana shi ne wata uwa daga cikin zumuntar mata ta ikkilisiyarmu. Likitoci sun sami ƙari a mamanta, suka sa ranar tiyata. Sai aka ba ta wata takarda, aka ce in ta yarda, za a ajiye ragowar abin da aka cire domin bincike. Ta zo gidana da dare, ta ce, "Fasto, in na sa hannu, ba zunubi? Ranar tashin matattu fa, ta yaya zan tashi?" Ban yi mata dariya ba, domin na san da yawa a cikinmu wannan tambaya tana zuciyarsu.

Bari mu fara da abin da ake yi a asibiti. In an cire ƙari, akan kai shi ɗakin gwaje-gwaje, a yanki ɗan siririn yanki, a sa masa launi, a duba da madubin likita don a san ko ciwon daji ne. Abin da ya rage, ko a ajiye shi cikin kaki, ko a ƙone shi. Wannan ragowar ce ake roƙo. Ba a ƙara yankar jikinka saboda bincike, kuma a bisa ƙa'ida akan cire sunanka a sa lamba.

Game da tashin matattu, Manzo Bulus ya amsa mana a 1 Korintiyawa sura 15, inda ya kwatanta jikin nan da ƙwayar hatsi da ake shukawa. Dukanmu manoma ne ko 'ya'yan manoma. Wa ya taɓa tone gona yana neman ƙwayar dawar da ya shuka bayan ta yi zangarniya? Ku tuna da 'yan'uwanmu da wuta ta cinye a lokacin rikici, ba mu sami ko gawa mu binne ba. Ashe za mu ce Ubangiji zai kasa tashe su? Wanda ya yi Adamu daga ƙurar ƙasa ba zai rasa yadda zai yi da ƙarin da likita ya cire ba. Ni kaina haƙorana biyu suna can inda mai cire haƙori ya zubar, ban kuwa taɓa rasa barci a kansu ba.

Wani zai ce, ai jiki haikalin Ruhu Mai Tsarki ne. Gaskiya ne. Amma a sura 6 ɗin nan Bulus yana gargaɗi ne a kan fasikanci, ba a kan ciwon da aka fitar don a ceci rai ba.

Ko abin yana da amfani? Akwai wani likitan tiyata, Denis Burkitt, mai bi ne ƙwarai, ya yi aiki a Uganda. A 1958 ya bayyana wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara a Afirka. Ya riƙa aika ɗan abin da aka cire daga yaran zuwa Landan, wurin Anthony Epstein, har a 1964 aka gano ƙwayar cuta a ciki, ta farko da aka nuna tana da alaƙa da ciwon daji a jikin ɗan Adam. A Ibadan ma, a 1963, an rayar da ƙwayoyin halitta daga irin wannan ƙari na wani yaro ɗan shekara 11, har yau ana aiki da su a ɗakunan bincike na duniya.

Amma kada in ɓoye muku ɗaya gefen. A 1951, a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, an ɗebi ƙwayoyin halitta daga ciwon dajin wata baƙar mace, Henrietta Lacks, ba a tambaye ta ba. Ta mutu a shekarar, tana da shekara 31, ta bar 'ya'ya biyar. Da ƙwayoyinta aka gwada rigakafin shan inna, kamfanoni suka ci riba, iyalinta kuwa ba su san kome ba sai bayan shekara ashirin da wani abu. Sai a 2023 wani kamfani ya sasanta da jikokinta. Mu nan arewa ba mu manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba. Alherin da ya fito daga jikin matar nan babba ne, amma an ɗauka ne, ba ita ta bayar ba. Abin da aka ɗauke a ɓoye ba ya zama baiko.

Saboda haka in an miƙo maka takarda, kada kunya ta hana ka tambaya, ko da likita yana sauri. Wane bincike za a yi? Ina za a ajiye, za a fitar da shi ƙasar waje? Sunana zai bayyana? In na canja ra'ayi, zan iya janyewa? In ba ka iya Turanci ba, ka ce a fassara maka, ko ka kira wani cikin ma'aikatan jinya na ikkilisiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana sayar da sassan jikin mutum, don haka wanda ya zo maka da zancen kuɗi, ka guje shi. In ka ƙi, ba ka yi zunubi ba, kuma ba wanda yake da ikon rage maka magani.

Uwar nan ta koma da 'yarta, suka yi wa likita tambayoyi, ta sa hannu. Tana shan magani yanzu, ta kuma roƙa mu sa ta cikin addu'a. Bari mu miƙe tsaye, mu tuna da ita da dukan masu jiran ranar tiyata.