Me Ya Sa Haruffa Suke Rikicewa A Kwamfutar Wani?

Wasiƙarmu ta yau daga sakataren wata ƙungiyar manoman albasa take. Ya ce ya shirya bayanin neman rance a PowerPoint, amma da aka haska shi da majigi a ofishin masu ba da rancen, sai layuka suka hau juna, jimillar kuɗi ta fice daga shafi, ƙ da ɗ kuma suka koma 'yan akwatuna. Yana tambaya ko ƙwayar cuta ce ta shiga filashinsa.

To malam sakatare, kwantar da hankalinka, ba cuta ba ce. Sunan samfurin haruffa kawai fayil ɗinka yake ɗauke da shi, su haruffan suna can cikin kwamfutarka. Kamar dai ka aiki yaro kasuwar wani gari ya auno maka tiya goma, alhali tiyarsu ba irin taku ba ce. In kwamfutar da ta karɓa ba ta da samfurin, sai ta sa wani a madadinsa, mai faɗi dabam, wataƙila ma marar haruffanmu masu lanƙwasa.

Kamfanin Microsoft ya fara sa samfurin Calibri tun 2007, a 2023 kuma ya sanar da maye gurbinsa da Aptos. Ke nan tsohuwar kwamfuta ba lallai ta san Aptos ba, balle wayar Android ko na'ura mai Linux.

Abin yi kuwa, zaɓi samfuri ɗaya da ya bazu, kamar Arial ko Times New Roman, waɗanda ke kan Windows da Mac duka. Kada ka tara samfuri biyar don ado, rance ka je nema. Rubuta "ƙasa, ɓera, kuɗi" ka buɗe a wata na'urar ka gani. PowerPoint yana da wurin cusa haruffan cikin fayil a sashen adanawa, sai dai ba kowane samfuri ke yarda ba, kuma ba kowace manhaja ke karanta su ba.

Ni dai shawarata, in ba gyara za a yi a can ba, mayar da shi PDF. Shi yana tafiya da haruffansa, yadda ka tsara haka zai fito. Riƙe duka biyun a filashi, ka kuma isa da wuri ka gwada a kwamfutarsu kafin manya su zauna.