Jawabi ga Ɗaliban Sana'ar Magani Ranar Yaye Su a Nima

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da magani, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ina gaida sarakunan zango, da limamanmu da malamanmu, da iyayenmu mata, da ku 'ya'yanmu waɗanda daga yau za ku tsaya a bayan kanta a kantunan magani na Nima da Mamobi, inda talaka ke fara kai kukansa tun kafin ya yi tunanin zuwa asibiti.

Mas'ala guda nake son ku riƙe, ita ce ta magungunan kashe zafin ciwo dangin afiyun, wato mofin da kodin da tiramadol. Hukama'u na dā, irin su Ibn Sina wanda ya yi bayanin afiyun cikin littafinsa Alƙanun, sun tafi a kan cewa kowane mutum da nasa mizaji, kuma ga shi ilmin zamani ya gaskata su ta hanyar da ba su zata ba. Kodin a kan kansa ba shi da wani ƙarfi na a zo a gani, misalinsa kamar tsabar masara ce wadda ba ta zama tuwo sai an kai ta niƙa, mai niƙan kuwa wani sinadari ne a cikin hanta wanda likitoci ke kira CYP2D6, shi ke juya wani ɓangare na kodin ya koma mofin, shi ne kuma ke fito da mafi yawan ƙarfin tiramadol.

To, a nan ne hikimar Ubangiji ta bayyana, domin wannan sinadari gadonsa ake yi daga iyaye, kuma ba a raba shi daidai tsakanin bayi ba. Cikin Turawa, mutum 5 zuwa 10 cikin ɗari nasu ba ya aiki sam, ko sun sha kodin ciwo yana nan daram. A ƙasar Habasha kuwa wani bincike na 1996 ya sami kimanin 29 cikin ɗari suna ɗauke da shi ninki biyu ko fiye, waɗanda ƙwayar da za ta sauƙaƙa wa wani ciwon haƙori tana iya jefa su cikin barci mai nauyi har numfashi ya raunana. Mu kuma a nan Gana an sami da yawa daga cikinmu da wani nau'i mai jinkirin aiki. Zango kuwa, kun sani, matattara ce: Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Badagombe duk layi guda suke bi a gabanku, kuma ba a karanta hantar mutum a fuskarsa. Saboda haka idan mai sikila ya ce muku magani bai kama shi ba, kada ku yi gaggawar tuhumarsa da ƙarya ko shaye-shaye, kada kuma ku ƙara masa da kanku. Ku mai da shi ga likitansa a asibitin Mamobi ko Korle Bu, a sauya masa wani.

Ƙoda ma tana da nata rabo, domin ita ke fitar da abin da hanta ta sarrafa daga mofin, idan ta gaza sai ya taru a jini. Wannan ya sa ake rage wa tsofaffi. Yara kuwa, tun 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba wanda bai kai shekara 12 ba kodin ko tiramadol, ta kuma gargaɗi masu shayarwa.

Ba na buƙatar in faɗa muku abin da tiramadol ya yi wa samarinmu, masu dako da 'yan okada da ke neman ƙarfin aiki, har suka riƙa faɗuwa da farfaɗiya a bakin titi. Hukumar magunguna ta Gana ta yarda da mai nauyin miligiram 50 da 100 kaɗai, da takardar likita. Mai 225 da mai 250 ta ɓarauniyar hanya suke shigowa, kuma a 2018 aka haramta maganin tari mai kodin. A ganina, wanda ya sayar da irin wannan yana sane ya ci amana, ko da dokar ƙasa ba ta cim masa ba.

Ina roƙonku, kafin ku miƙa wa kowa ƙwaya, ku nemi takardar likita, ku tambayi shekarunsa, da lafiyar ƙodarsa, da sauran magungunan da yake sha, da ko mace tana da juna biyu ko goyo. Allah ya sanya albarka cikin shaidar da kuka karɓa, ya tsare ku daga haram, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.