Mai Jego da Maganin Ciwon Damuwa: Kada a Raba Yaro da Nono



Maganata yau a kan mai jego ce. Mun iya kula da jikinta, ga ruwan wanka, ga kunun kanwa. Zuciyarta fa? Akwai wadda an yi suna an watse, ita kuwa kullum kuka, barci ya ƙi, abinci ya ƙi, ko marmarin ɗaukar jaririn ba ta yi. In haka ya wuce mako 2, ana zargin ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na gamuwa da irin wannan. Ciwo ne kamar hawan jini, ba ƙarancin bangaskiya ba ne.

To, likita ya rubuta magani, sai uwar miji ta ce zai ɓata nono. Daga nan ko a zubar da maganin, ko a yaye jaririn ƙarfi da yaji. Duka biyu asara ne. Ku ji da kyau: maganin Sertraline kaɗan ƙwarai yake shiga nono, shi ya sa likitoci sukan fara da shi ga mai shayarwa. Amitriptyline ma kaɗan yake shiga. Fluoxetine kuwa yakan daɗe a jiki, sai an ƙara sa ido. Zaɓi na likita ne, ba na mai kemis ba.

Maganin yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ga sauƙi, kuma ba a daina shi farat ɗaya. A lura da jariri: in barcinsa ya yi yawa ko ya rage tsotso, a koma asibiti. In bakwaini ne, a faɗa wa likita tun farko.

Maigida, kai za ka raka ta asibitin Ikara ko Maƙarfi; in da bukata za a tura ku Asibitin Koyarwa na Shika. In ta ambaci kashe kanta ko cutar da jaririn, kada a kwana, kada a bar ta ita kaɗai.

Mu yi mata addu'a, mu ɗauke mata surfe da ɗiban ruwa, mu kuma tambaye ta, "Kin sha maganinki?"