Murar da ba ta wasa da mai ciwon huhu

Idan hunturu ya kama, ƙura ta turnuƙe gari, kowa na jan hanci. A wurin mai lafiya mura baƙuwar mako guda ce. Amma ga mai asma, ko dattijon da taba ta cinye masa huhu, ko uwar da ta shekara talatin tana shaƙar hayaƙin murhu, murar da likitoci ke kira infuluwenza kan toshe numfashi, ta rikiɗe ta zama nimoniya, sai gadon asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana hallaka mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara.

Akwai allurar rigakafinta. Kowace shekara ake sake ta, domin ƙwayar cutar na sauya kama, kuma sai bayan kamar mako biyu take fara aiki a jiki. Allurar ba ta haddasa mura, ko da hannu ya ɗan yi tsami. Malam, Hajiya, ku tambayi likitanku tun kafin tarin ya sarƙe.