Kafin Manhaja Ta Isa Kwamfutarka

Yau batunmu manhajar kwamfuta.

Rubuta manhaja aiki ne. Kai ta hannun jama'a kuma wani aikin ne daban. Windows da irin ƙunshin manhajar da take karɓa, Linux da nata. A Mac kuwa, kafin Apple ya tantance manhajarka, sai ka biya dala 99 duk shekara.

Ga inda gizo ke saƙa: lasisi. A 2025, masu kula da WiX, wato kayan haɗa ƙunshin Windows, suka ce duk mai samun kuɗi da shi ya riƙa biyan kuɗin kulawa. Ni dai ina bayansu. Shekara da shekaru suna gyara kyauta, kamfanoni na cin riba. Kyauta fa, jama'a! Mai cin riba ya biya.

Mu kwana nan.