Daga Samanja Zuwa Gidan Badamasi: Wa Muke Yi Wa Dariya?

Daga Gulma nake muku magana, garin fa nake nufi, ba halin ba! Yau hirar wasan barkwanci na talabijin za mu yi.

Lokacin ina yaro, kafin a cire Kebbi daga jihar Sakkwato a 1991, talabijin ɗaya gare mu a unguwa, mai baƙi da fari, da batirin mota ake kunna ta. Bayan magariba sai a fito da ita ƙofar gida, yara a ƙasa, manya a kan tabarma, a kamo NTA Sakkwato. In hoto ya fara yayyafi, wani ya tashi ya juya sandar eriya, ana ce masa "Ƙara kaɗan! Tsaya nan!"

A nan na fara ganin Samanja Mazan Fama. Usman Baba Pategi ne ke fitowa a matsayin, mutumin Pategi ta jihar Kwara, wanda ya yi aikin soja da gaske, kuma daga Kaduna ake shirya wasan. Ku tuna fa, mulkin soja ake yi. A titi in ka ga kaki sai ka kama kanka. Amma ga soja a cikin akwati yana cika baki, yana cakuɗa Hausa da Turanci, ƙarshe ya kwashi kunya. Kakata takan riƙe ciki ta ce, "Wanga mutum ba ya da dama!" Abin da muke tsoro da rana, shi muke yi wa dariya da dare. Allah Ya jiƙan Samanja, a Nuwamban 2023 ya rasu.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai Karkuzu a Jos, akwai Ƙasimu Yero da Karambana a Kaduna. Da finafinan Kano suka zo, Rabilu Musa Ibro ya riƙe fagen har rasuwarsa a 2014. A shekarar ce tashar Arewa24 ta fara aiki, daga baya ta kawo Gidan Badamasi: tsoho mai kuɗi da maƙo, ga 'ya'ya kowa ya zuba wa dukiya ido.

To mene ne sirrin? A ganina, sabo ne. Gida ɗaya, mutane ɗaya, kowane mako. Ka san halin kowa, tun bai buɗe baki ba ka fara murmushi. Kuma ba daga waje muka aro dabarar ba. Ku dubi tashe a watan azumi, yadda yara ke kwaikwayon manya. Ku dubi wasan Bafulatani da Babarbare, ko Bagobiri da Bayarabe. A faɗa maka gaskiya mai ɗaci, ka yi dariya, a rabu lafiya.

Ga inda abin ke damuna. Kwanan baya ƙanena ya nuna mini wani bidiyo a TikTok, an tsorata wani dattijo mai tallan goro, farantinsa ya kife, ana ta sheƙa dariya. Wallahi ni ma na dara, daga baya kunya ta kama ni. Samanja mai ƙarfi yake tsokana, kuma kansa yake mayarwa abin dariya. Wannan kuwa marar ƙarfi aka samu aka taka, ba a ma nemi izininsa ba.

Ba cewa nake ku ajiye waya ba. Cikinku akwai masu basirar da in sun dage za su kamo na da. Sai dai kafin ka ɗora, ko kafin ka tura wa wani, tambayi kanka: wa ake yi wa dariya a nan? In yana zaune a tabarma ɗaya da mu, shi ma zai dara?

Ku faɗa mini wasan da kuka taso kuna kallo a gidanku. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.