Kowane Gida Yana Da Suna: Jawabin Da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya a Yola Gari

 



Maganarmu ta yau a kan littafin sunaye ce, wanda ƙungiya ta buɗe domin rubuta kowane gida namu. Har yanzu akwai masu noƙewa. Wani ya ce tarkon haraji ne, wani ya ce ba a ƙirga 'ya'ya don kada su ragu, wani kuma ya ce mu 'yan kaɗan ne a unguwarmu, me za a yi da sunanmu? To, jama'a, bari mu duba.

Da farko, ƙidaya tana da asali a addini. Buhari ya ruwaito daga Huzaifa cewa Manzon Allah (SAW) ya sa an rubuta masa waɗanda suka musulunta, aka samu maza 1,500. Sayyidina Umar kuma ya kafa diwani, aka rubuta mutane ƙabila-ƙabila, har jariri sai da aka yanka masa rabo daga baitulmali. Ashe rubuta suna hanya ce ta isar da haƙƙi ga mai shi. Suratu Maryam ma ta nuna mana Allah Ya ƙididdige bayinSa duka, kuma kowa shi kaɗai zai je gabanSa.

Maƙwabtanmu Kirista su ma suna da irin wannan a littafinsu. A sura ta 2 ta littafin Ezra an jera Bani Isra'ila da suka koma ƙasarsu daga Babila, jimilla 42,360. Cikin wannan taro ba a manta da ƙananan garuruwa ba: Baitalami 123, Anatot 128, Azmawet mutum 42 kacal. Yau fiye da shekara 2,000 ana karanta sunan ƙauyen nan. Mu ma dai mun san mutanen Badar ɗari uku ne da 'yan kai, amma ga darajarsu har gobe.

Yanzu mu dawo gida. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato suka yi ta zuwa, wasu suka zauna, suka hayayyafa. Ku dubi sunayen unguwannin Jimeta irin su Limawa da Gwadabawa da Alkalawa, ai sun isa shaida. Amma mutum nawa ne cikinmu zai iya faɗin sunan kakansa na uku da garin da ya baro?

Gwamnati ba za ta yi mana wannan aiki ba. Ƙidayar 1973 soke ta aka yi. Ta 1991, shekarar da aka raba Gongola aka ba mu Jihar Adamawa, da ta 2006, duk ba su tambayi ƙabila ko addini ba. Adadi kawai suke nema. Mu kuwa muna so mu san gidan da maraya yake, da matar da mijinta ya rasu, da tsohon da ba ya iya fita kasuwa. In azumi ya zo, zakkar fid-da-kai ta san ƙofar da za ta shiga. In gobara ta tashi, Allah Ya kiyaye, mu san wanda ba mu gani ba.

Saboda haka muna roƙon kowane maigida ya je wurin magatakarda ya ba da sunansa da na iyalinsa da garin asalinsa. Ko gida biyu ne a unguwarku, a rubuta. 'Yan haya da 'yan ci-rani da almajirai, kada a tsallake su. Mu kuma shugabanni amana ce a wuyanmu: ba za a miƙa littafin nan ga ɗan siyasa ba.

Allah Ya ƙara wa Lamiɗo lafiya, Ya zaunar da Adamawa lafiya, Ya sa sunayenmu cikin littafin 'yan Aljanna. Amin.